Robert Anderson, hafsan da yaƙin basasar Amurka ya fara a kansa

Yaƙin basasar Amurka, wanda aka gwabza daga shekarar 1861 zuwa 1865, ya ci rayukan sojoji fiye da 600,000. Amma ruwan wutar da ya buɗe shi bai kashe mutum ko ɗaya ba. An yi shi ne a kan wani sansanin soja da ko gininsa ba a gama ba, a tsakiyar ruwa, a mashigin tashar jiragen ruwan birnin Charleston na jihar Karolina ta Kudu. Sunan sansanin Fort Sumter. Wanda ke riƙe da shi kuwa shi ne Manjo Robert Anderson, muƙamin da a sojan Nijar ake kira kumandan. Dattijo ne ɗan shekara 55, mutumin Kudu, wanda ya taɓa mallakar bayi, ya kuma kwashe fiye da kwana 100 yana ta ƙoƙarin kada harsashin farko ya fito daga wajensa.

Ɗan gidan soja

An haifi Robert Anderson ranar 14 ga watan Yuni na 1805 a gonar mahaifinsa, kusa da garin Louisville na jihar Kentucky. Mahaifin nasa, Richard Clough Anderson, hafsa ne a yaƙin da Amurka ta yi na ƙwatar kanta daga Ingila. Yana cikin waɗanda Ingilawa suka kama sa'ad da suka ci birnin Charleston a 1780, daga baya kuma ya yi aiki a matsayin dogarin Janar Lafayette, Bafaranshen nan da ya taimaki Amurkawa a yaƙin. Wato yaron ya tashi ne a gidan da ake ganin tutar Amurka abu ce da aka saya da jini, kuma a gidan da bayi ke yin noma.

Ya shiga makarantar horon hafsoshi ta West Point, ya fito a 1825, aka tura shi rundunar igwa. A 1832 ya halarci yaƙin da ake kira na Black Hawk, wanda aka yi da ƙabilun asalin ƙasar a jihar Illinois. Aikinsa a can ya haɗa da rubuta sunayen ƴan sa-kai da rantsar da su. Cikin waɗanda suka bi ta hannunsa akwai wani dogon saurayi ɗan shekara 23 mai suna Abraham Lincoln. A wannan yaƙin ne kuma wani ƙaramin hafsa, Jefferson Davis, ya raka sarkin yaƙi Black Hawk zuwa kurkuku bayan an kama shi. Bayan shekara 29 waɗannan mutane biyu ne za su yanke hukunci a kan makomar Anderson, ɗaya daga Washington, ɗaya daga Montgomery.

Daga 1835 zuwa 1837 Anderson ya koyar da ilimin harbin igwa a West Point. Ɗaya daga cikin ɗalibansa masu hazaƙa shi ne Pierre Gustave Toutant Beauregard, ɗan jihar Louisiana, wanda Faransanci ne harshen gidansu, ya kuma fito na biyu a ajinsu a 1838. Shi ma Anderson ya iya Faransanci sosai, har ya fassara littafin koyar da aikin igwa na sojan Faransa zuwa Ingilishi, sojan Amurka suka riƙa aiki da shi.

Bai zauna a aji kaɗai ba. Ya yi yaƙi da ƙabilar Seminole a Florida. A 1838 yana cikin dogaran Janar Winfield Scott lokacin da aka kori ƙabilar Cherokee daga ƙasarsu aka kaɗa su yamma, tafiyar da dubbai suka mutu a cikinta. A yaƙin Amurka da Meksiko ya yi faɗa a Veracruz da Cerro Gordo, sannan aka ji masa mummunan rauni a Molino del Rey ranar 8 ga Satumba na 1847. Waɗanda suka zauna da shi sun san shi da riƙon addininsa na Kirista da ƙin yaƙi, irin ƙin wanda ya ga gawawwaki da idonsa. A 1842 ya auri Eliza Clinch, ɗiyar wani janar mai gonaki da bayi a jihar Georgia, wannan kuma ya ƙara ƙulla shi da Kudu. Sai a 1857 ya samu cikakken muƙamin manjo, bayan shekara 32 yana sanye da kaki.

Me ya sa aka tura shi Charleston?

Ranar 6 ga Nuwamba na 1860 Abraham Lincoln ya ci zaɓen shugaban ƙasa ba tare da ya samu jiha ko ɗaya daga cikin masu riƙe da bayi ba. Jam'iyyarsa ta Republican ta yi alkawarin hana bauta yaɗuwa zuwa sababbin yankunan yamma. A lokacin akwai bayi kusan miliyon 4 a Amurka, kuma arzikin Kudu, na auduga da shinkafa da rake, a kan guminsu yake. A Karolina ta Kudu bayi sun fi masu ƴanci yawa. Ta tashar Charleston ne aka shigo da wajen kashi 40 cikin 100 na ƴan Afirkan da aka kai Amurka ta Arewa a cikin sarƙa, da yawansu daga Afirka ta Yamma, kuma a tsibirin Sullivan da ke bakin tashar ake killace wasunsu kafin a kai su kasuwa. Shugabannin jihar ba su ɓoye dalilinsu ba: a takardar da suka fitar don bayyana ɓallewarsu, maganar bauta da ta bayin da ke gudu Arewa ba a mayar da su ita ce kan gaba.

Lincoln ba zai karɓi mulki ba sai watan Maris. Kafin nan ragamar tana hannun shugaba James Buchanan, wanda ya ɗauki matsayi mai wuyar fahimta, cewa jiha ba ta da ikon ɓallewa, amma gwamnatin tarayya ma ba ta da ikon tilasta mata zama. Ministansa na yaƙi, John Floyd, ɗan Virginia ne mai ra'ayin Kudu. Su ne suka zaɓi Anderson ya je ya karɓi sansanonin tarayya da ke Charleston. Lissafinsu shi ne, tunda ɗan Kentucky ne, surukin Georgia, mutanen gari ba za su ɗauke shi baƙo ba, shi kuma ba zai yi gaggawar tayar da fitina ba.

Ya iso ƙarshen Nuwamba ya tarar da sojojinsa, mutum 80 da ƴan kai har da makaɗan badujala, a sansanin Moultrie da ke tsibirin Sullivan. An gina Moultrie ne don tare maharan da za su zo ta teku. Ta bayansa kuwa a buɗe yake: iska ta tara rairayi a jikin katangarsa har shanu na iya hawa, ga gidajen mutane da tuddai da suka fi katangar tsawo, inda maharba za su iya kwanciya su ɗauke sojojinsa ɗaya bayan ɗaya. Ya yi ta rubuta wa Washington yana neman ƙarin soja, ba a ba shi ba. Abin da ya samu kawai shi ne umarnin da Manjo Don Carlos Buell ya kawo masa ranar 11 ga Disamba, cewa kada ya tsokani kowa, amma in ya ga tabbatacciyar alamar za a kawo masa hari, yana iya tattara mutanensa a duk sansanin da ya ga ya fi tsaro.

Akwai abin da ba a sanar da shi ba. A cikin kwanakin nan Buchanan ya gana da ƴan majalisar Karolina ta Kudu, suka tashi da fahimtar cewa su ba za su taɓa sansanonin ba, shi kuma ba zai sauya yadda sojoji ke zaune a tashar ba. Ranar 20 ga Disamba babban taron jihar ya amince da ɓallewa daga tarayya, babu wanda ya ƙi.

Ƙaurar dare

Kimanin kilomita ɗaya da rabi daga Moultrie, a tsakiyar mashigin, Fort Sumter yake. An fara gininsa a 1829 a kan duwatsun da aka zuba cikin ruwa. Kusurwa biyar gare shi, katangarsa ta jan bulo ce mai kaurin mita ɗaya da rabi da tsawon mita 15, kuma an tsara shi ne don soja 650 da igwa 135. A ƙarshen 1860 magina ne kawai a ciki, yawancin igwogin na kwance a ƙasa ba a ɗora su ba. Amma ruwa ya kewaye shi ta ko'ina, babu taron ƴan gari da zai iya afka masa da ƙafa.

Da yammacin ranar 26 ga Disamba, kashegarin Kirsimeti, Anderson ya aiwatar da shirin da ko hafsoshinsa kaɗan ne suka san da shi. Ya riga ya loda matan sojoji da ƴaƴansu da abincin wata huɗu a jiragen ruwa, da sunan za a kai su wani wuri dabam. Da duhu ya fara, sojoji suka shiga kwale-kwale suka ratsa ta gaban jirgin sintirin jihar ba a gane su ba. Waɗanda aka bari a baya suka toshe igwogin Moultrie da ƙusa, suka ƙona katakan da ke ɗauke da su, suka sare sandar tuta. Da tsakar ranar 27 ga wata aka ɗaga tutar Amurka a kan Sumter, Anderson na durƙushe, limamin sojan na addu'a.

A ganinsa ya yi haka ne don ya hana zubar da jini, tunda ya ɗauke mutanensa daga inda ƙaramin rikici zai iya zama kisan kiyashi. Charleston kuwa ta ɗauki abin cin amana. Gwamna Francis Pickens ya aiko a ce masa ya koma Moultrie. Anderson ya amsa wa manzon cewa a wannan rigima zuciyarsa tana tare da Kudu, amma aikin da aka ɗora masa ya fi ƙarfin zuciyarsa, kuma ba zai koma ba. A ranar jihar ta mamaye Moultrie da sansanin Pinckney, bayan kwana 3 ta ƙwace rumbun makaman tarayya da ke cikin gari. A Washington, Floyd ya nemi a janye sojojin, ya yi murabus ranar 29 ga wata. Buchanan ya so ya ba da kai, amma wasu ministocinsa suka tsaya masa a wuya, kuma jaridun Arewa sun riga sun mai da Anderson gwarzo. Daga wannan mako Sumter ya zama ma'aunin da kowa ke dubawa don ya san ko Amurka ƙasa ɗaya ce ko biyu.

Jirgin da aka kora

A farkon Janairu na 1861 gwamnatin Buchanan ta yi hayar wani jirgin ƴan kasuwa mai suna Star of the West, ta ɓoye soja kusan 200 a cikinsa da kayan abinci, ta tura shi daga New York. Jaridu suka tona asirin, mutanen Charleston suka shirya, amma takardar da aka aika wa Anderson don a sanar da shi ba ta iso ba. Da asubahin 9 ga Janairu jirgin ya kunno kai, ɗaliban makarantar soja ta Citadel da ke tsibirin Morris suka buɗe masa wuta. Sojojin Sumter sun tsaya a bakin igwoginsu suna jiran umarni. Mataimakinsa, Kapitan Abner Doubleday, ɗan Arewa mai ƙin bauta, yana son a rama. Anderson bai ba da umarnin ba, domin ba shi da izinin fara yaƙi, kuma ya san harbi ɗaya daga wajensa shi ne yaƙin. Jirgin ya juya ya koma.

A wannan ranar jihar Mississippi ta ɓalle. Florida, Alabama, Georgia, Louisiana da Texas suka biyo baya har zuwa 1 ga Fabrairu. Wakilan jihohin suka taru a Montgomery suka kafa sabuwar ƙasa, Haɗakar Jihohin Kudu, suka naɗa Jefferson Davis shugaba. Kusan duk sansanonin tarayya da ke cikin jihohin nan 7 sun faɗa hannunsu ba tare da faɗa ba. Manyan da suka rage su ne Sumter da sansanin Pickens na Florida.

Watanni 3 da suka biyo baya na zaman doya da manja ne. An bar matan sojoji da yara suka tafi New York a farkon Fabrairu. An bar Anderson yana samun wasiƙu, na ɗan lokaci kuma yana sayen nama da kayan lambu a kasuwar Charleston. Ana cikin haka ɗaruruwan bayi da ƴan sa-kai suna ta tara buhunan rairayi suna kafa igwogi a tsibiran da ke kewaye da shi, yana kallonsu da madubin hangen nesa. Yana da ikon rusa aikin tun yana ɗanye, bai yi ba. A farkon Maris Davis ya turo janar da zai jagoranci dakarun Charleston, sai ga shi Beauregard ne, tsohon ɗalibinsa. Wasiƙun da suka riƙa yi wa juna cike suke da ladabi da girmamawa, alhali ɗalibin yana gyara saitin igwoginsa a kan malaminsa.

Abinci ya yanke wa'adi

Lincoln ya sha rantsuwa ranar 4 ga Maris. A jawabinsa ya ce zai riƙe duk wuraren da ke hannun gwamnati, kuma ba shi ne zai fara kai hari ba. Kashegari aka ajiye masa rahoton Anderson: abincin da ya rage ba zai wuce mako 6 ba, kuma kutsawa cikin tashar da ƙarfi zai buƙaci soja 20,000. Duk sojan Amurka a lokacin ba su kai wannan adadi ba.

A nan ne al'amarin ya zama gaba kura, baya sayaki ga kowane ɓangare. In Lincoln ya janye, ya yarda ke nan cewa ɓallewar ta tabbata, kuma Ingila da Faransa na iya amincewa da sabuwar ƙasar. In ya kai hari, jihohi 8 masu bayi da ba su ɓalle ba tukuna, musamman Virginia, za su bi ƴan uwansu. Shi ma Davis ba shi da sarari. Ƙasar da ke cewa ta samu ƴanci ba za ta bar tutar wata ƙasa a bakin ɗaya daga cikin manyan tashoshinta ba, ga kuma matsin ƴan Karolina ta Kudu da ke barazanar kai harin da kansu.

Janar Scott da mafi yawan ministoci sun ba Lincoln shawarar ya janye. Ministan harkokin waje, William Seward, har ya riƙa aika wa wakilan Kudu saƙo ta bayan fage cewa za a bar sansanin, ba tare da izinin shugaban ba. Wani aminin Lincoln, Ward Lamon, da ya ziyarci Charleston a ƙarshen Maris, shi ma ya bar gwamna da Anderson da wannan fahimta. Anderson ya fara shirin tafiya, yana ganin an tsira.

Lincoln ya zaɓi wata hanya. Ya amince da shirin wani tsohon hafsan ruwa, Gustavus Fox, na kai kayan abinci da jirage, sannan ya aika wa gwamna Pickens sanarwa a fili, wadda ta isa ranar 8 ga Afrilu: abinci kawai za a kai, ba za a shigar da soja ko makami ba muddin ba a taɓa jiragen ko sansanin ba. Da wannan ya mayar wa Davis da zaɓin. In ya bari abincin ya shiga, tutar za ta ci gaba da kaɗawa har illa ma sha Allahu. In ya hana, duniya za ta ga shi ne ya harbi masu kai wa mayunwata gurasa. Da Anderson ya samu labarin, ya rubuta wa Washington cewa zai yi aikinsa, amma ransa ba ya cikin yaƙin da ya ga za a fara ta wannan hanya. Wasiƙar ba ta isa ba, domin Beauregard ya riga ya tsare wasiƙun sansanin, ya kuma rufe masa kasuwa.

A Montgomery, Davis da ministocinsa suka yanke shawarar karɓe sansanin kafin jiragen su iso. Ranar 11 ga Afrilu manzannin Beauregard uku suka zo da takardar neman ya fita. Anderson ya ƙi, amma da yake raka su bakin ruwa ya faɗa musu cewa ko ba su harbe shi ba, yunwa za ta fitar da shi nan da ƴan kwanaki. Aka buga wa Montgomery wayar tangaraho, aka dawo cikin dare ana tambayarsa ranar da zai fita. Ya ce tsakar ranar 15 ga wata, sai fa in ya samu sabon umarni ko abinci kafin nan. Manzannin sun san jirage na hanya, don haka sharaɗin bai yi musu ba. Da ƙarfe 3 da minti 20 na dare suka rubuta masa cewa za a buɗe wuta bayan awa ɗaya.

Awa 34

Da ƙarfe 4 da rabi na asubahin Juma'a, 12 ga Afrilu na 1861, bam na farko ya tashi daga sansanin Johnson ya fashe a saman Sumter. Igwa 43 suka amsa daga kowace kusurwa. Mutanen Charleston suka hau rufin gidaje suna kallo. Anderson bai rama ba sai da gari ya waye, wajen ƙarfe 7, kuma Doubleday ne ya saita harbin farko.

Manyan igwogin Sumter suna saman katanga ne a fili. Anderson ya hana mutanensa hawa can, ya tsare su a ɗakunan igwa na ƙasa inda bulo ya kare su. Wannan ya rage ɓarnar da zai iya yi wa abokan gaba, amma shi ya sa bai rasa kowa ba. Jakunkunan albarushi sun yi ƙaranci, har sojoji suka riƙa yaga riguna da barguna suna ɗinka sababbi da allura 6 da suke da su. Abincin da ya rage naman alade ne mai gishiri, sai ruwa. Jiragen Fox sun iso bakin teku ana hango su, amma igiyar ruwa ta yi ƙarfi, kuma babban jirgin yaƙin da suke jira, Powhatan, an karkatar da shi zuwa Florida bisa wani umarni da Seward ya shirya, Fox bai sani ba.

Ranar 13 ga wata dakarun Kudu suka riƙa gasa dunƙulen ƙarfe har ya yi ja sannan su harba. Barikin katako ya kama wuta, hayaƙi ya turnuƙe har sojoji na kwanciya ƙasa da jiƙaƙƙen ƙyalle a fuska. Da wutar ta doshi rumbun albarushi, suka jefa gangunansa da yawa cikin teku. Wajen ƙarfe 1 na rana harsashi ya karya sandar tuta. Peter Hart, tsohon sajan ɗin Anderson tun yaƙin Meksiko, wanda matarsa Eliza ta kawo masa a watan Janairu, ya hau katanga ya kafe tutar da ƙusa a jikin wani itace ana ta harbi. Ganin tutar ta faɗi, Louis Wigfall, tsohon sanatan Texas, ya shiga kwale-kwale ba da izinin kowa ba ya zo neman sulhu. Anderson ya yarda ya fita bisa sharaɗin zai tafi da mutanensa da makamansu, zai kuma yi wa tutarsa gaisuwar igwa. An harba masa harsashi fiye da 3,000 cikin awa 34.

Mutuwar farko ta zo ne ranar Lahadi 14 ga wata, a wajen gaisuwar. An shirya harbi 100, amma ana dab da rabi sai albarushi ya fashe ya kashe wani soja mai suna Daniel Hough nan take, wani kuma, Edward Galloway, ya cika bayan ƴan kwanaki. Aka tsaya a harbi 50. Anderson ya naɗe tutar ya tafi da ita.

Abin da ya biyo baya

Ranar 15 ga Afrilu Lincoln ya nemi ƴan sa-kai 75,000 na wata 3. Arewa, wadda kanta ke rarrabe a da, ta haɗu wuri ɗaya, har babban abokin hamayyarsa Stephen Douglas ya mara masa baya. Ranar 20 ga wata mutane fiye da 100,000 suka taru a dandalin Union na New York don su ga Anderson da yagaggiyar tutar, wadda daga baya aka riƙa yawo da ita gari gari ana tara kuɗin yaƙi. A Kudu kiran Lincoln ya yi aikin da ake tsoro: Virginia ta ɓalle ranar 17 ga Afrilu, Arkansas, Karolina ta Arewa da Tennessee suka bi ta, jihohin suka zama 11. Rabuwar ta shiga har cikin hafsoshin Sumter. Laftana Richard Meade, ɗan Virginia, wanda ya sha wuta tare da Anderson, ya ajiye aiki ya koma sojan Kudu, ya mutu a 1862.

An ba Anderson muƙamin janar a watan Mayu, aka ɗora masa jiharsa ta haihuwa, Kentucky, wadda ta ce ita ƴar ba-ruwanmu ce. Nan ma haƙurin ya sake yi. Ya zauna a Cincinnati, a ƙetaren kogi, bai shigar da hedkwatarsa jihar ba har sai da Janar Leonidas Polk na Kudu ya mamaye garin Columbus a farkon Satumba. Majalisar jihar ta juya wa Kudu baya ta gayyaci Anderson. Kentucky ta zauna cikin tarayya har ƙarshen yaƙi. Amma jikinsa da hankalinsa sun gaji tun daga Sumter. A watan Oktoba ya miƙa ragama ga Janar William Sherman, a 1863 kuma ya yi ritaya.

Sumter kuwa ya zauna a hannun Kudu kusan shekara 4. Igwogin Arewa sun mai da shi tarin ɓaraguzai tun daga 1863, amma ba a ci shi ba sai da dakarun Kudu suka fice daga Charleston a Fabrairun 1865. Cikin sojojin farko da suka shiga birnin akwai baƙaƙen fata, wasunsu tsofaffin bayi. Ranar 14 ga Afrilu na 1865, kwana 5 bayan Janar Robert Lee ya miƙa wuya, gwamnati ta mayar da Anderson Sumter. Peter Hart ya ɗaura tsohuwar tutar, Anderson ya ja igiya. Cikin dubban da suka halarta akwai ƴantattun bayi da Robert Smalls ya kawo a jirgin Planter, jirgin da shi kansa ya gudu da shi daga bauta a 1862 ta gaban igwogin wannan sansani. A daren ranar aka harbi Lincoln a gidan wasan kwaikwayo na Ford da ke Washington, ya rasu da safe. A Disambar shekarar aka soke bauta a tsarin mulkin Amurka.

Har yau masana tarihi ba su daina sa-in-sa a kan Anderson ba. Doubleday, a littafin da ya rubuta daga baya, ya zarge shi da sassauci, yana ganin ya zuba ido aka kewaye shi da igwogi saboda ƙaunar Kudu. Wasu na cewa ƙaurarsa zuwa Sumter ita ce ta ƙulla igiyar da ta gagari kowa kwancewa. Masu kare shi kuma na nuna cewa da ya harba ranar 9 ga Janairu, da yaƙin ya fara a ƙarƙashin Buchanan, Arewa na rarrabe, laifin farawa kuma ya hau kan tarayya, abin da zai iya tura Kentucky da Maryland da Missouri zuwa Kudu.

Anderson ya tafi Turai neman lafiya, ya rasu a birnin Nice na Faransa ranar 26 ga Oktoba na 1871 yana da shekara 66. An dawo da gawarsa aka binne a maƙabartar West Point. Beauregard ya rayu har 1893. Tutar da Peter Hart ya kafe da ƙusa tana hannun hukumar kula da wuraren tarihi ta Amurka, wadda ke riƙe da Fort Sumter tun 1948.